Wanda Yake Cin Jan Faranti

Sunansa na yanka yana nan a jikin lasisin tuƙi, amma a ofishin da ke koya wa jama'a cin abinci mai kyau da motsa jiki babu wanda ya taɓa damuwa da shi. Mu-Tafi ake kiransa. Da bakinsa ya sayo sunan, don tun ranar da aka damƙa masa makullin farar motar ofis, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba a cika jin ya buɗe magana da wata kalma ba. Ana tsakiyar loda kaya, mu tafi. Malama mai jawabi tana laluben tabarau a jaka, mu tafi. An ce ranar da ma'aikata suka je gaisuwar rasuwar mahaifin akawu, ana cikin addu'a aka ji makullai suna kaɗawa a aljihun wani, kuma ba wanda ya waiwaya don ya ga ko na wane ne.

Mutum ne da ba ya iya zama. Ƙafarsa ta dama kullum rawa take, yatsunsa na kaɗa sitiyari, idonsa ɗaya a madubi, ɗaya a agogo. Sai dai duk wannan gaggawar a kan kujera yake yin ta. Daga ƙofar gidansa zuwa inda yake kwanar da mota taku ashirin ne, kuma ya sha cewa da mai gidan hayar zai yarda a rushe ɗan dakalin nan na bakin ƙofa, da sun koma goma.

Aikin ba shi da wani ruɗani. Kullum wuri uku ake tsayawa: da safe makaranta, da hantsi rumfar asibitin unguwa inda iyaye mata ke jiran awo, da yamma filin ƙwallo wurin samari. Ranar Laraba akan ƙara da zauren ƙungiyar 'yan kasuwa. Mai yin jawabi ita ce Malama, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, gajeriya mai muryar da ba ta buƙatar lasifika, ko da yake ana ɗauko lasifikar don tana cikin jerin kayan aiki. Mu-Tafi kan kai mota har bakin ƙofa, yadda da aji yana da faɗin ƙofa da ya shigar da ita ciki. Sai ya sauke gilashi, ya kwantar da kujera, ya jira.

Ta wannan tagar ya yi karatunsa. Ya san rabin faranti na ganye ne, ya san gishiri bakin cokali ne, ya san ruwa ya fi lemon kwalba, ya san tafiyar minti talatin a rana tana hana zuwa asibiti. Ya san inda Malama za ta yi shiru don a yi dariya, da inda za ta ce lafiya uwar jiki, ya kuma san daga nan saura minti bakwai a tashi. Da za a tashe shi daga barci a ce ya yi jawabin, da ya yi shi har da tarin da take yi a tsakiya.

Malama ba ta yarda da hoto ba. Ta ce gani ya kori ji, hoto kuma ba shi da ƙanshi. Don haka kowace safiya mai girkin ofis takan shirya faranti biyu na gaske don kowane wurin tsayawa. Koren faranti yana ɗauke da ganye, da wake, da karas, da ɗan gasasshen kifi, da yankan gwanda. Jan faranti kuwa soyayyen dankali ne yana ƙyallin mai, da nama mai kitse, da farin burodi an lafta masa bota, ga lemon kwalba mai sanyi a gefe. Malama takan ɗaga jan farantin ta yi minti goma sha biyar tana tona masa asiri, sannan ta ɗaga koren ta yabe shi, a zagaya da shi da ƙananan cokula kowa ya ɗanɗana.

Jan farantin ba mai taɓa shi. Wa zai miƙa hannu ga abin da aka gama tsine wa a gabansa? Ba a ba yara, don shi ne ainihin abin da aka zo hanawa. Ba a zubarwa, don ofishin yana da wani jawabin daban a kan almubazzaranci. A makon farko na aikin, Malama ta dubi farantin, ta dubi motar, ta ce a kai wa direba, bawan Allah tun ɗazu yake jira. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, shi ya sa ba a taɓa soke shi ba.

A shekara ta goma sha ɗaya babban ofis ya aiko da sabuwar doka, cewa duk direban da ke ɗaukar ma'aikata sai likita ya duba shi ya sa hannu. Mu-Tafi ya je yana sauri, don ya bar mota a inda bai kamata ba. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake, sannan ta je ta aro wani injin daga ɗakin maƙwabta. Likita ya zaunar da shi ya yi masa bayani a tsanake: jininsa ya hau inda mai riƙe da sitiyari da rayukan mutane bai kamata ya kai ba, suga kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana sallama. Ga magani, a rage ci, a ƙara tafiya, a dawo bayan mako takwas. In ya sauka, zai sa hannu. In bai sauka ba, ba zai sa ba.

Shekararsa hamsin da huɗu, kuma tun yana ɗan sha tara ba abin da ya iya sai tuƙi. Washegari ya zare makullin motar daga cikin tarin makullansa ya ajiye a teburin akawu. Abin da ya rage a zoben na ƙofar gida ne da na wani kwaɗo da ya ɓata tuntuni, su biyu ko ƙarar kirki ba sa yi.

Aka ba Dogo motar, direban da ke zaman jiran ko-ta-kwana a ofis, siriri kamar sandar sabulu ta kusa ƙarewa. Mu-Tafi kuma, don kada a ce an yasar da shi, aka ce ya riƙa bin su yana ɗaukar lasifika da tabarmi. Ya zauna a kujerar gefe, wadda bai taɓa sanin haka take da tauri ba. Ƙafarsa tana taka birkin da babu, hannunsa yana neman giyar da ke hannun wani. Dogo ba mugun direba ba ne, amma yana sakin kuloci kamar mai jefar da garwashi, kuma duk lokacin da giya ta yi ƙara, Mu-Tafi yakan ji ta a haƙoransa.

Abin ya dami Malama ta wata fuskar. Direban ofishin cin abinci mai kyau ya faɗi awon likita, magana ce da ba ta so ta fita. Da yake ta daɗe a aikin, ta san inda matsala take samo asali: tukunyar gida. Ranar Asabar da hantsi ta ɗauki takardunta ta nufi gidan Mu-Tafi don ta wayar wa matarsa da kai.

Matar tasa tela ce, kekenta na falo a gindin taga. Ta tari Malama da fara'a, ta kawar da yadi daga kujera, ta saurara. Malama ta ce ba laifi ta zo nema ba, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Tana cikin zaro takarda ta farko sai idonta ya kai bango. Ga takardar nan a manne, har ta yi ja don daɗewa. Ga ta gishiri a saman murhu, ga ta rabon faranti a jikin ƙofar firji. Mu-Tafi yakan kawo ragowar takardun gida don a shimfiɗa a kantar kwanuka, ita kuwa matar ba ta iya ganin rubutu ta ƙyale.

Matar ta tashi ta buɗe tukunya, ta ɗebo a cokali.

"Malama, ɗanɗana ki ji."

Malama ta ɗanɗana. Gishirin bakin cokali ne, ko ma bai kai ba.

"Shekara nawa ina dafa abin da takardunku suka ce. Ni na rame, yara sun rame, kyanwar gidan nan ma ta yi ƙaura zuwa maƙwabta. Shi kuwa sau huɗu ina buɗe masa ƙugun wando, har yadin ya ƙare na koma yin ƙari. In ya dawo ya tsakura sau biyu ya ce ya ƙoshi. To ni dai a gaya mini, a ina Baban yara yake ƙoshin nan?"

Suka juya gare shi su biyu. Yana bakin ƙofa a tsaye, yana juya makullansa biyu. Ya rantse shi ba ya sayen komai a hanya, ina ma lokacin? Abin da ofis ya ba shi kawai yake ci.

"Me ofis yake ba ka?" in ji Malama.

"Farantin nan mana."

"Wanne?"

"Jan."

"Sau nawa?"

"Yadda muka tsaya. Uku. Laraba huɗu."

Malama ta ajiye takardar da ke hannunta. Ta iya lissafi, kuma ta tuna bakin da ya fara cewa a kai wa direba. Can ta tambaye shi, da ƙaramar murya irin wadda ba a san tana da ita ba, ko bai taɓa jin abin da take faɗa a kan farantin ba. Ya ce ya ji mana, har ya haddace. Amma shi a fahimtarsa karatun na jama'ar gari ne, shi kuwa ma'aikaci ne.

"Ashe ke kike kiwata mini shi," in ji matar, ba tare da ɗaci ba. Ta kawo wa baƙuwarta ruwa, ruwa zalla, kamar yadda takarda ta ce.

Ranar Litinin Malama ta ba da umarni a gaban kowa cewa daga yau kada a ƙara ba Mu-Tafi jan faranti. Umarnin ya tsaya nan. Mai girki mace ce mai bin ƙa'ida, ƙa'idar da ta sani kuma ita ce a kai wa direba. Direba yanzu Dogo ne.

Haka Mu-Tafi ya shiga kwanaki mafi tsawo a rayuwarsa. Da safe ya haɗiyi ƙwayar magani, ya ɗauki ɗan kwanon da matarsa ta cika da ganye da wake. A mota ya zauna kusa da mutumin da ke riƙe da sitiyarinsa, a wurin tsayawa ya ji ƙanshin dankalinsa yana tashi daga cinyar mutumin nan dai. Ba ya iya zama a ciki, ba ya iya tsayawa a waje. Yakan zagaya motar yana taɓa tayoyi da ƙafa, ya goge madubin da ba shi da datti, ya duba agogo, ya tuna ba shi ne mai cewa a tafi ba.

Ranar Laraba ta mako na biyu, tsakanin makaranta da asibiti, suka faɗa cunkoson bakin kasuwa. Dogo ya nemi giya ta biyu, ta yi ƙara. Ya sake nema, ta sake. A ta ukun Mu-Tafi ya buɗe ƙofa ya sauka a tsakiyar titi, ya ce su je zai same su a can. Malama ta leƙo tana murna, ta ce madalla, an fara bin shawarar likita. Ya kama hanya. Likita bai ko faɗo masa a rai ba, kunnensa kawai yake ceto.

Ya san garin kamar tafin hannunsa, amma garin da ya sani na kwalta ne. A ƙafa sai ya tarar da wani gari daban, mai kwata da tudu da ramukan da ba a gani daga sama. Kafin ya wuce layin masu kayan gini numfashinsa ya fara fita da ƙara kamar tsohon injin niƙa. Ya zauna a bencin mai faci, ya tashi, ya sake zama a dakalin wani shago. Da ya isa asibiti an riga an naɗe tabarmi. Gwiwoyinsa suka kwana suna yi masa Allah ya isa. Amma da gari ya waye ya auna ciwon gwiwa da ƙarar giya, ya ga gwiwa ta fi sauƙi.

A mako na uku ya gano wani lungu ta bayan rumfunan masu katako wanda ke ɓullewa daidai katangar asibiti. Ranar da ya fara riga motar isa, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo yadda Dogo zai gani da kyau. Samarin filin ƙwallo suka sa shi a gaba, Baba ko mota ta lalace ne, Baba ko an sayar da ita an ci kuɗin. Ya ce su bari ya huta zai zagaya filin da su, ya ga wanda zai fara neman ruwa. Suka riƙe maganar, dole ya zagaya, sau ɗaya, suna tafa masa kamar ya ci kofi.

Sai kuma aka fara bin sa. Wani mai gyaran agogo da likita ya yi wa irin wannan gargaɗin ya ce zai riƙa raka shi zuwa asibiti. Wasu mata biyu masu kai jikoki makaranta suka ce hanyarsu ɗaya. Kafin mako na biyar sun kai su tara, har da wani tsohon ɗan dako da ke zuwa don hira kawai. Shekara shida Malama tana ƙoƙarin kafa ƙungiyar tattaki a unguwar, ta buga takardu, ta raba huluna, ba ta samu ko mutum uku ba. Yanzu ta rubuta a rahotonta cewa ƙungiya ta kafu sakamakon wayar da kai. Mu-Tafi kuwa ƙungiyar ta zame masa ƙarfen ƙafa, don ba su da sauri, ga tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa. Yakan yi gaba ya dawo, ya yi gaba ya dawo, yana cewa abin da ya saba cewa. Ta haka yake taka ninkin abin da kowa ya taka.

A cikin haka kumatun Dogo suka fara cikowa. Mu-Tafi ya lura, kuma ba za a ce bai ji wani ɗan sanyi a ransa ba. Da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi. Ya yi tunanin in ya yi shiru, awon baɗi zai raba gardama, makulli ya rasa mai jiran gado. Kwana biyu yana riƙe da wannan shirun, yana yi masa nauyi kamar lasifika. A rana ta uku ya ga Dogo ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya tura ta baya ɗaki ɗaya don ya samu wurin ajiye faranti. Daidai abin da shi ma ya yi a shekararsa ta biyu.

Ya jingina da tagar ya gaya masa komai, har da lissafin uku sau biyar da ƙarin Laraba. Dogo ya saurara yana tauna.

"Yaya, baƙin ciki ba kyau," in ji shi. "Kai ka ci naka shekara goma sha ɗaya ba wanda ya sa maka ido."

Mu-Tafi ya kai maganar gaban Malama. Ta dafe kai, ta ce ita wannan farantin zai ga bayanta. A ƙarshe aka ba wani kafinta aikin, ya sassaƙa dankali da nama da burodi na katako, ya shafa musu fenti da man ƙyalli, ya manne su a jan faranti. Lemon kwalbar kuma guda ɗaya ce ba a buɗewa, kullum ita ke yawo. Malama ta ce darasi ya rasa ƙanshi. Yara sukan zo su ƙwanƙwasa naman su yi dariya. Dogo ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwar Mu-Tafi.

Ranar komawa wurin likita, matarsa ta miƙo masa wandon da ta rage wa ƙugu da yatsa uku, ta ce kada ya yi saurin murna, ta bar zaren a kusa. Ya tafi a ƙafa. Ma'aikaciyar jinyar nan ce dai. Ta ɗaura abin awo, ta duba, ta taɓe baki. Ya sauka, amma bai kai inda ake so ba. Ta dubi ƙafarsa da ke rawa, da hannunsa da ke cikin aljihu yana juya makullai, ta ce ai ba a auna mutum yana tuƙi. Ya jingina, ya sauke ƙafa biyu a ƙasa, ya fitar da hannu, ya yi shiru minti goma, kada ya duba agogo, za ta dawo.

Duk wahalar mako takwas ba ta kai wannan ba. Mutumin da ya shekara talatin da biyar a kan kujera, ashe bai taɓa zama ba. Makullin motar yana can a aljihun Dogo, yana ganinsa ko ya rufe ido. Ƙafar ta fara motsi, ya danne ta. Da ya rasa abin da zai riƙe zuciyarsa da shi, sai ya kama abu ɗaya da ya haddace. Ya fara jawabin Malama a zuci, daga sallama. Ya bi rabin faranti, ya bi bakin cokali, ya tsaya inda ake dariya, ya yi tarin tsakiya. Karo na farko ke nan da ya bi jawabin ba yana jiran ya ƙare ba, kuma ya lura ba wurin da aka ce ban da ma'aikata. Yana kaiwa lafiya uwar jiki ya ji abin awo yana matse masa damtse.

Likita ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce a bakin layi yake, ba a ciki sosai ba. Zai sa hannu, amma na wata uku, ba na shekara ba. Magani ya ci gaba, tafiya ta ci gaba, bayan wata uku a sake zama.

Ranar Litinin Mu-Tafi ya mayar da makullin cikin zobe, ya kaɗa, ya ji ƙarar ta dawo daidai. Ya jawo kujera gaba ɗaki biyu, ya gyara madubi, ya saki kuloci a hankali kamar mai sauke jariri. Ba wanda ya ji shigar giya. Da suka doshi makaranta, maimakon ya shiga kwanar da ke kaiwa bakin aji, sai ya wuce, ya gangara can ƙarshen layi, ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya kusa da mai faci, ya kashe mota.

Malama ta leƙa ta taga, ta ce ai ba a iso ba. Ya ce an iso. Ta ce makarantar tana can, tafiyar kusan minti goma ce, ga kaya, ga rana, ga gwiwarta da ta kwana tana damunta, takalmin ma ba na tafiya ta sa ba.

"Minti talatin a rana, Malama," in ji shi. "Goma nan, goma asibiti, goma filin ƙwallo. Ni wata uku aka ba ni."

Ya saɓa lasifika a kafaɗa, ya rungumi tabarmi, ya kulle mota sau biyu. Mai gyaran agogo da matan nan biyu suna tsaye a bakin lungu suna jira. Ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba. Malama ta biyo baya tana ɗingishi, koren faranti a hannun mai girki, na katakon a nata, tana wata magana ƙasa-ƙasa wadda ba ta cikin jawabi.